Billen Ɗalhatu

Ya kifa ɓeran a tafin hannunsa, ya murɗe murfin cikinsa, 'yar ƙwallon ta gangaro. Ɓera shi ne sunan da Lukmanu, mai shagon, ya laƙaba wa linzamin kwamfutar saboda doguwar wutsiyarsa. Kowace safiya, kafin ya kunna komai, Sammani yakan ɗauki tsinken ashana ya kankare dattin da ya naɗe a cikinsa. Dattin garinsu Kura kuwa ba irin na ko'ina ba ne. Garin ɓuntun shinkafa ne da injinan casa suke hurawa tun hantsi, mai laushi, mai shiga inda ruwa ma ba ya shiga. Idan aka bar shi ya taru, sai kibiyar da ke kan allo ta riƙa tsalle kamar fara, ka nufi ido ta sauka a kunne.

Ya hure ƙwallon, ya goge ta da bakin rigarsa, ya mayar. Sannan ya yaye tsohon zanen gadon da suke rufe kwamfutar da shi, ya zauna jiran a kawo wuta.

A shekarar 2006 ke nan. Sammani yana aji biyu a sashen zane-zane na wata kwaleji a Kano, hutu da ƙarshen mako kuma yana wannan shago da ke bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da maganin feshi. A makaranta fensir ake koya musu, da gawayi, da fenti, da rini. Yana son su, hannunsa kuma ba ya ba shi kunya. Amma tun ranar da ya ga wani mutum a Sabon Gari ya ɗauke bishiya daga cikin hoto ya dasa ta a wani gefe ba tare da ganye ɗaya ya faɗi ba, zuciyarsa ta koma can. 'Yan ajinsu suka sa masa Sammani Kwamfuta. Su a ganinsu wannan aikin masu buga takarda ne, ba na mai zane ba. A Kura kuwa, in aka ce yana karatun zane, sai a ce madalla, ya zo ya rubuta wa shago suna a bango. Ya rasa wanda zai gaya wa cewa hoto yana da hawa-hawa kamar ɓawon albasa, ana ɗaga wannan a gyara na ƙasa a mayar. In ya fara bayani sai ya ga idon mai sauraro ya tafi wani wuri, shi ma sai ya yi shiru.

Abin da ya fi kama shi shi ne komawa baya. Ya tashi a cikin gonakin rani, ya san cewa in ka fasa wa ruwa hanya ya shiga fangalin da ba shi ka nufa ba, ya shiga ke nan, ba a kiran ruwa ya dawo. Takarda ma in ka goge ta sai ta nuna tabo. A kwamfuta kuwa yatsu biyu za ka danna, kuskuren ya koma inda ya fito kamar ba a yi ba. Ya daɗe yana mamakin wannan.

Aikin shagon dai ba ya wuce kalandar biki, da sitika, da takardar gayyata, da hotunan mutane masu son a gyara su. Lukmanu mutum ne mai ƙiba da fara'a, wanda ya sayi kwamfutar da sikana da firinta bayan wata kaka da tumatir ya yi masa kyau, bai kuma taɓa koyon fiye da kunnawa da kashewa ba.

"Farfesa," yakan ce, "wannan amaryar a ƙara mata haske. Angon nan kuma a cire masa ƙurajen nan, a sa masa mota a baya."

"Ai ba shi da mota, Oga."

"Da yana da ita zai zo wurinka? Kwastoma ba gaskiya ya zo saya ba. Gaskiya tana gida, kyauta yake ganinta a madubi. Share komai, fuska ta fito sumul kamar ƙwai."

Haka Sammani ya ƙware a shara. Ƙurji, tabo, tamoji, ƙudan da ya sauka a kafaɗar liman, duk ya san yadda zai ɗebo fata daga gefe ya lulluɓe su, har mai hoton ya rantse haka Allah ya yi shi.

Sammani ɗan fari ne, kuma wannan ita ce rabin labarinsa. Mahaifinsa, Ɗalhatu, baƙo ne da ya zo daga wajen Gumel lokacin da ake zuba kankaren kanal ɗin ban ruwa, ya yi lebura, ya samu 'yar gona, ya auri Kubra. Bai daɗe ba zazzaɓi ya ɗauke shi, Sammani yana tatata. Danginsa sun zo gaisuwa sun koma, hanya kuma ta cushe da ciyawa. Da aka yaye yaron sai Inna, kakarsa ta wajen uwa, ta ɗauke shi kamar yadda aka saba. Kubra ta sake aure a wani ƙauye kusa da Bunkure. Ya tashi yana kiranta Adda, yadda ya ji ƙannenta suna kiranta.

Gidansu gidan Fulanin zaune ne, masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Adda ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya je gaishe ta yakan durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana duban tukunya, ko bango, ko ƙafarta. In tana son sanin wani abu sai ta bi ta kan 'yarta.

"Sa'a, tambayi wannan ko ya ci abinci."

Ya san ba ƙiyayya ba ce. Tsokar da ta fi girma a kwanonsa take sauka, kuma duk zuwan da zai yi akwai ƙullin shinkafa da aka ajiye a bayan ƙofa, ba a ce na wane ne ba. Kowa ya san haka ake yi, shi ma ya sani. Sai dai sani ba ya cika ciki. Shi da aka koya masa cewa ba a zana fuska sai an dube ta har an gaji, ya kai shekara ashirin da biyar bai san yadda idon mahaifiyarsa yake ba idan ya tsaya a kan mutum. Inna ce mai kallonsa, mai ce masa mijina, mai zaginsa da ƙaton kai. Da ta rasu a damunar da ta wuce, ɗakin ya zama nasa shi kaɗai, shi da randa da akwatinta na ƙarfe.

A cikin akwatin, a wani gwangwanin alewa tare da tsakiya da tsofaffin 'yan kunne, ya samu hoton. Sau ɗaya Inna ta taɓa nuna masa shi yana ƙarami, ta ce, "Ga ubanka," ta mayar ta rufe. Ɗan ƙaramin hoto ne baƙi da fari, bai fi akwatin ashana ba, irin wanda aka ɗauki manoma lokacin rabon gonaki. An taɓa ninke shi, ruwa ya taɓa shi, fuskar ta tsattsage kamar ƙasan fadama a watan bazara. Ana ganin hula, ana ganin idanu biyu, sauran kuwa sai ka ce mutum ne yake leƙe ta bayan zana.

Nan Sammani ya ƙudura abin da zai yi. Zai fito da fuskar nan, ya kai wa Adda. Ba ta taɓa ganin aikinsa ba, ba ta ma san ko aiki ne ba. Yana so, ko sau ɗaya, ya ajiye wani abu na hannunsa a gabanta wanda ba za ta iya kawar da kai daga gare shi ba.

Bai gaya wa Lukmanu ba. Bayan azahar, in mai shagon ya tafi gona duba masu ban ruwa, titi ya yi tsit sai kukan injin casa daga nesa, sai ya buɗe hoton a manhajar Fotoshof ya ƙara masa girma har fuskar ta watse ta zama 'yan murabba'ai, wannan toka-toka, wannan baƙi, kamar gonakin Kadawa in ka hango su daga kan gada. A cikin waɗannan fangaloli yake yawo da kibiyarsa. Ya ɗebo fata daga goshi ya cike tsagar goshi. Ya ɗinke leɓen da ninki ya raba biyu. Wani lokaci a ɗauke wuta yana tsakiyar kunci, allon ya mutu, ya ga tasa fuskar a cikin baƙin gilashi, ya zauna yana jira. In ya gama na ranar sai ya juye aikin a filas, 'yar ma'ajiyar kwamfuta da yake ratayawa a wuya cikin riga, inda wasu suke rataya laya.

Akwai wata tsaga da ta fi ba shi wahala, a kuncin hagu. Ta taso daga gefen hanci ta gangara a karkace, ninkin takardar kuma ya bi ta kanta ya wuce har kafaɗa. Ta fi sauran duhu, ta fi su miƙewa. Ya yi ta fama da ita, ya share ya dawo, ya share ya dawo, don kuncin yana ƙin kwanciya. Ranar da ya ci ƙarfinta ya jingina da kujera ya dubi allon. Wani saurayi ne yake kallonsa, mai dogon hanci da siririyar haɓa, fuska sumul, kamar yanzu zai yi magana. Ya ji kamar ya san shi. Ya ce a ransa, jini ne, jini ba ya ɓuya.

Ya shiga Kano aka wanke masa shi babba a takarda mai sheƙi, aka rufe da leda mai tauri. Ya sa a ambulan, ya sa ambulan ɗin a cikin littafin zanensa don kada ya lanƙwashe.

Ranar wata Asabar ya ari keken mai faci ya bi gefen kanal. Lokacin dashe ne. Ruwan dam ɗin Tiga yana tafe a hankali cikin kankarensa, kore-kore, ɗauke da ganyen da ya tsinto a hanya. Mata da maza sun sunkuya a cikin taɓo suna kafa shinkafa, balbelu na bin bayansu kamar masu duba aiki. Ya tuna cewa wani wuri a cikin wannan kankare akwai inda hannun mahaifinsa ya shafa, sai dai ba wanda zai iya nuna masa wurin. Duk waɗanda ya wuce sai ya ɗaga musu hannu, su amsa ba tare da sun ɗago ba.

Tun daga zaure ya ji ƙamshin turaren shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, wadda Adda take turarawa a rabin durom ta shanya ta kai inji. Sana'arta ke nan shekara da shekaru. Ya yi sallama. Tana ɗaki a kan tabarma, faifai a cinya, tana tsince tsakuwa. Sa'a, ƙanwarsa, budurwa mai bakin da ba ya gajiya, tana gefe tana tsefe kai.

Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Adda, ina wuni."

"Lafiya lau," ta ce wa faifan. "Ya mutanen Kura?"

"Suna gaishe ku."

"Sa'a, kawo wa wannan ruwa."

"Wannan ɗin ai yana da ƙafa, Umma, ga randa can," in ji Sa'a, amma ta tashi ta kawo. "Yaya, me ka ɓoye a littafi kake riƙe shi kamar jariri? In hoton budurwa ne ni zan fara gani, in ba ta yi ba in faɗa maka tun da wuri."

Ya zaro hoton. Ya miƙa wa Sa'a, domin ba ya miƙa wa Adda abu hannu da hannu.

"Na Adda ne."

Sa'a ta duba, ta tuntsire da dariya.

"Yaya, yaushe ka koma saka hular tsofaffi? Kuma duk kalar da ke duniya ka rasa sai baƙi da fari? Umma, ga ɗanki ya kawo miki hotonsa, wai kada ki manta kamanninsa."

Ta ajiye shi a kan tabarma kusa da gwiwar uwar. Adda ta saci kallo da wutsiyar ido, irin kallon da ake yi wa rana, ta mayar da kanta kan faifai.

"An gode," ta ce. "Ɗauke ki ajiye masa a kan kwalla, kada ya yi datti."

Sammani ya dubi hoton daga inda yake durƙushe, a juye, kai a ƙasa, sai a lokacin ya ga abin da suka gani. Hancin nasa ne. Haɓar tasa ce. Duk wannan zaman da ya yi gaban allo, ashe fuskar da ya sani ɗin ita ce wadda yake gani in an ɗauke wuta.

"Ba ni ba ne, Adda," ya ce. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. "Baba ne. Hoton da ke akwatin Inna. Shi na gyara."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Sa'a ta bar dariya, ta dubi wannan ta dubi wancan.

Adda ta ajiye faifan. Ta goge tafinta a zani, ta ɗauki hoton da hannu biyu, ta karkata shi wajen hasken ƙofa. Ta duba. Ta daɗe tana dubawa, tun daga hula har haɓa, ta koma ta sake. Sammani bai taɓa ganin idonta a buɗe haka ba. Ashe ba baƙi ba ne sosai, yana da ja-ja kamar ruwan shayi, kuma hayaƙin durom ya ci gefensa. Ya sunkuyar da kai, ya ɗago, har yanzu tana kallo.

"Ina billensa?" ta ce.

"Bille?"

"Marigayi yana da bille. Duk garin nan da shi aka san shi. In an ce baƙon nan mai bille, shi ke nan." Ba da faɗa ta yi maganar ba, kamar mai tambayar inda aka ajiye ludayi. "Wannan ba shi da komai a fuska."

Tsagar nan ta kuncin hagu ta dawo masa, mai duhu, miƙaƙƙiya, wadda ya fi alfahari da share ta. Ashe ba takarda ce ta tsage ba, aska ce ta wanzamin Gumel, tun mutumin yana ɗan kwana bakwai.

"Na ɗauka lalacewar hoto ce," ya ce. "Na goge."

"Kai, Yaya," in ji Sa'a a hankali. "Mutum da gadonsa."

"Ke, je ki duba wutar durom."

Sa'a ta fita tana waiwaye. Ɗakin ya rage su biyu, abin da Sammani bai tuna ya taɓa faruwa ba. Kaza ta leƙo ta koma.

"Shi ya hana a yi wa... a yi maka," Adda ta ce, tana duban hoton. "Wanzami ya zo ranar suna da kayansa. Ya ce a yi aski a cire beli, amma fuska a bar ta yadda ta zo. 'Yan'uwansa har sun yi fushi."

Bai taɓa jin wannan ba. Bai taɓa jin ta haɗa zance mai tsawon haka a gabansa ba.

"Zan iya mayarwa," ya ce. "Na farkon yana nan a ajiye. Sai dai ninkin takarda ya bi ta kansa, ban san inda takarda ta tsaya fata ta fara ba. Daga ina ya taso, Adda? Ina ya ƙare?"

Ta sa farce a kan hoton, ta ja. Ledar ta zame, ba ta riƙe komai ba. Ta sake gwadawa, ta girgiza kai.

"Abin nan a shafe yake. Ba shi da tudun kunci." Sannan, ba tare da ta ɗaga murya ba, ta ce, "Matso."

Ya ja gwiwa ya shigo cikin ɗakin. Ta ɗago kai ta dube shi, kallon mai awo, kamar tela zai yanka yadi. Yatsarta mai kaushi ce, da ɗumi, tana ƙamshin shanshera. Ta ɗora ta a gefen hancinsa na hagu, ƙasa da ido kaɗan.

"Daga nan." Ta ja a hankali, a karkace, ta haye ƙashin kunci ta gangara. "Zuwa nan. Bai kai kunne ba. Daga sama yana da kauri, ƙarshensa siriri. In ya yi dariya sai ya lanƙwashe."

Ta janye hannunta. Ta ɗauki faifan ta mayar cinya, idonta ya koma cikin shinkafa, kamar an rufe taga.

Ya zauna yana jin layin a fuskarsa, da sanyi-sanyi inda iska take taɓawa. Ya miƙa hannu zai ɗauki hoton.

"Bari in tafi da shi. In na gyara sai in kawo."

Ta riga shi. Ta ɗora tafinta a kai.

"Ka yi wani," ta ce wa faifan. "Ka mayar wa marigayi abinsa a wancan. Wannan a bar shi nan."

"Ai wannan ba shi ba ne, Adda."

"Na sani."

Ta ɗaga gefen katifa ta tura shi ƙasa, fuskar tana kallon sama, ta saki katifar. Daga tsakar gida Sa'a ta ɗaga murya tana tambaya ko a ƙara itace. Adda ta ce a ƙara, ta kuma ce a duba bayan ƙofa akwai ƙulli, a ɗaura wa wannan a keke.

Sammani ya ɗauki littafin zanensa da ambulan ɗin da ba komai a ciki. Ya ce, "Na tafi, Adda." Ta ce a gaida mutanen Kura. Ya miƙe, ya sunkuya saboda ƙofar gajeriya ce, ya fita yana kare kuncinsa na hagu daga labule.